Awon Tsokar Sha-raɓa da Jijiyarta: Yaushe Ake Gaskata Sakamakon?

Sha-raɓa, wato tsokar da ke bayan ƙwauri tsakanin gwiwa da dunduniya, tana cikin sassan jiki da likitoci suka fi yawan aunawa idan ana zargin cutar jijiya. Da ita mutum ke ɗaga dunduniya ya tura jikinsa gaba a kowane taku, ita ce kuma ke riƙe shi a tsaye kada ya kifa. Jijiyar da ke kai mata saƙo tana cikin mafi tsawo a jikin ɗan Adam, shi ya sa cututtuka da dama, irin su ciwon suga da wasu nau'o'in guba, suke fara nuna alama a ƙafa tun kafin su kai ga hannu. Sai dai auna ta abu ne guda, gaskata abin da aka auna kuma wani abu ne dabam. Idan aka auna majiyyaci yau, aka sake auna shi bayan wata uku aka ga lambar ta sauya, dole a san ko ƙafar ce ta sauya, ko kuwa awon ne ya yi tangaɗi.

Tsoka biyu, agara ɗaya

Abin da ake kira sha-raɓa haɗakar tsoka biyu ce. Ta sama, wadda ake gani ta kumburo idan mutum ya yi ɗage, masana suna kiranta gastaroknemiyos. Tana da kai biyu, kuma ta faro ne daga ƙashin cinya, saboda haka ta ƙetare gwiwa. Ta ƙarƙashinta, soliyos, faffaɗa ce, ta faro daga ƙasan gwiwa. Su biyun sun haɗu a agara, wadda ta kama ƙashin dunduniya. Wannan bambanci yana da tasiri kai tsaye ga awo: idan an lanƙwashe gwiwa, tsokar sama tana saki, ƙarfinta ya ragu, nauyin aikin ya koma kan ta ƙasa. Wanda aka auna a zaune ranar Litinin, aka auna shi a kwance da miƙaƙƙiyar ƙafa ranar Alhamis, ba abu ɗaya aka auna masa ba.

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da ma'ana uku: hanyar jini, da agara, da kuma zaren da ke ɗaukar saƙo tsakanin laka da tsoka. Na ukun ake nufi a nan. Reshe ne na babbar jijiyar da ta fito daga ƙasan baya, ta ratsa ɗuwawu, ta gangara bayan cinya. A bayan gwiwa wannan reshe yana kusa da fata, wurin da na'ura ke iya taɓa shi.

Abin da ya haɗa wannan da Sabo

Unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa a Ibadan a shekarar 1916, tana kusa da Mokola, ba ta da nisa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957. A wannan jami'a aka fara bayar da digirin aikin gashi da motsa gaɓoɓi a Nijeriya, a 1966. A nan ne kuma Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun, likitan jijiya da ya rasu a 1995, ya yi bincikensa a kan wata cuta da ke sa tangaɗi wajen tafiya, da mutuwar tafin ƙafa, da raunin gani da ji, a tsakanin talakawan da rogo ne kusan dukkan abincinsu. Rahotonsa na 1968 a mujallar Brain ya haɗa duban asibiti da gwajin jini da awon gudun saƙo a jijiya, ya kuma danganta cutar da gubar da ke cikin rogon da ba a sarrafa shi sosai ba. Ashe auna jijiyar ƙafa da lantarki ba baƙon abu ba ne a wannan gari.

Sabo tana da nata dalilin kula da batun. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan unguwar, ya bayyana yadda makafi da guragu da kutare suke da sarakunansu da tsarinsu. Shan inna na cikin manyan cututtukan da suka gurgunta yara a ƙasar Hausa. An ga na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji ta kama a Nijeriya a jihar Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da ransu. Wasunsu, bayan shekara 15 ko fiye da samun daidaito, sukan fara jin sabon rauni da gajiya a ƙafar da suka daɗe suna dogara da ita. Wannan rauni yana zuwa a hankali ƙwarai, kaɗan-kaɗan a kowace shekara. Awon da ke yin tangaɗi fiye da yadda cutar ke tafiya ba zai iya gano shi ba.

Har yanzu ana sa ido a kan duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya. Ana ɗibar bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 da farawar ciwon, a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri, sannan a wasu lokuta a koma a duba yaron bayan kwana 60 don a ga ko raunin yana nan. Wannan dubawa ta biyu ita ma awo ce. Haka nan yaron da aka yi wa allura a ɗuwawu ta taɓa babbar jijiya: yawanci tsokar gaban ƙwauri ce ta fi jin jiki, ƙafa ta riƙa faɗuwa, sha-raɓa kuma ta tsira ko ta ɗan taɓu. Kwatanta ƙarfin gaba da na baya yana taimaka wa likita ya gane inda ɓarnar take.

Awo da hannu

Hanya mafi tsufa ita ce likita ya sa hannu ya tare tafin ƙafa, majiyyaci ya tura. An tsara ta ne a Boston ta Amurka a farkon ƙarni na 20 domin yaran da shan inna ta kama, ta hannun likita Robert Lovett da abokiyar aikinsa Wilhelmine Wright. Ma'aunin da aka fi amfani da shi yau, daga 0 zuwa 5, hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ce ta yaɗa shi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sifiri na nufin babu ko motsi, 3 na nufin gaɓa tana iya ɗaga nauyin kanta, 5 kuma cikakken ƙarfi.

A matakan ƙasa, daga 0 zuwa 3, likitoci biyu sukan yi ittifaƙi. Matsalar tana tsakanin 4 da 5, kuma a sha-raɓa ta fi tsanani, domin tsokar da ke ɗaga nauyin babban mutum gaba ɗaya ta fi ƙarfin hannun kowane likita. Mutum na iya rasa wani babban kaso na ƙarfinsa, hannun mai aunawa bai ji komai ba, a rubuta masa 5. Bincike a kan masu shan inna a shekarun 1950 da farkon 1960 ya nuna tsoka na iya rasa kusan rabin ƙarfinta ko rabin ƙwayoyin lakar da ke motsa ta, amma a ba ta shaidar lafiya.

Saboda haka aka koma ga gwajin ɗage. Majiyyaci zai tsaya da ƙafa ɗaya, ya dafa bango da yatsu don kada ya faɗi, ya riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa har ya gaza. A 1995 wasu masu bincike biyu a Amurka, Lunsford da Perry, sun ba da shawarar a ɗauki sau 25 a matsayin ma'aunin mai lafiya, bayan sun gwada mutane 'yan shekara 20 zuwa 59. Wani bincike da aka yi a Taiwan a 2005 ya sami adadin da bai kai haka ba ko kusa, musamman a tsakanin tsofaffi da marasa motsa jiki. Lambar 25 ba aya ba ce. Ɗan dako da ke yini ɗauke da kaya, da mai canji da ke yini a zaune a bakin titin Sabo, ba za a sa musu mizani ɗaya ba. Abin da ya fi amfani shi ne a kwatanta ƙafar mutum da ɗaya ƙafar tasa, ko da abin da ita kanta ta yi a baya. Gwajin yana da kyau idan an tsare ƙa'idarsa: tsayin ɗagawa ɗaya, saurin ɗagawa ɗaya, gwiwa a miƙe, ba takalmi. In ba haka ba, mai wayo zai ɗan lanƙwasa gwiwa ko ya jingina da bango ya ƙara goma.

Bugun agara da 'yar gudumar roba ya fi kowane gwaji sauri. Rauninsa shi ne bugu bai zama ɗaya, kuma tsofaffi da yawa masu lafiya ba sa amsa shi. Ga masu ciwon suga ba a dogara da shi kaɗai, ana haɗa shi da zaren roba mai matsin giram 10 da ƙarfen nan mai girgiza.

Awo da lantarki

Domin a kauce wa hannun likita, sai a nemi na'ura. Ana liƙa faifai ƙanana a kan fatar sha-raɓa su saurari lantarkin da tsoka ke fitarwa, a ɗora wani a bayan gwiwa ya aika wa jijiya ɗan gajeren bugu da bai wuce milisakan 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Amsa biyu ke fitowa. Idan bugun ba shi da ƙarfi, zaren da ke kai saƙo sama ne ke fara kamawa: saƙon ya hau zuwa laka, ya juyo, ya sauko tsoka cikin kimanin milisakan 30 ga babban mutum. Wannan ita ce amsar H, wadda aka raɗa wa sunan Bajamushe Paul Hoffmann da ya bayyana ta a 1910. Idan aka ƙara ƙarfin bugun, zaren da ke sauka kai tsaye zuwa tsoka zai kama, amsa ta fito cikin ƙasa da milisakan 10. Ita ce amsar M. Ana ci gaba da ƙarawa, amsar H tana raguwa har ta ɓace, amsar M kuma ta kai ƙololuwar da ba ta wucewa.

Ƙololuwar M ita ce tsokar gaba ɗaya ta amsa kira, babu ruwanta da niyyar majiyyaci, don haka ta fi tsayawa wuri ɗaya daga rana zuwa rana. Amsar H kuwa ta bi ta cikin laka, kuma laka tana sauraron komai. Juya kai, cije haƙora, damƙe hannu, tsoron bugun da ke tafe, ɗan ɗaure tsoka ba da sani ba, duk suna sauya girmanta. Tsaye ba ɗaya ba ne da kwance. Idan aka yi bugu biyu kusa da juna, na biyun yana fitowa ƙarami, shi ya sa ake barin kimanin daƙiƙa 10 tsakani. Mai awon da ya san aikinsa ba ya rubuta amsa ɗaya. Yana tara da dama ya ɗauki matsakaicinsu, sannan ya raba girman H da ƙololuwar M ta wannan rana. Wannan rabo yana share wani ɓangare na bambancin kaurin fata, da kitse, da wurin da aka liƙa faifai. A tsoka biyun, ta ƙasa ce ke ba da amsar H babba mai maimaituwa. Ta sama amsarta ƙarama ce, ta fi kuma sauyawa.

Lokacin da saƙo ke ɗauka ya fi girman amsa tabbas, kuma shi likitoci suka fi dubawa idan ana zargin ƙashin baya ya danne jijiya. Amma shi ma yana da sharuɗɗa. Dogon mutum saƙonsa ya fi daɗewa a hanya. Sanyi yana rage gudun saƙo da kimanin mita 2 a daƙiƙa a kan kowane digiri ɗaya da zafin gaɓa ya sauka. Tunda gudun jijiyar ƙafa mai lafiya yakan haura mita 40 a daƙiƙa, ƙafar da ta sha sanyin hunturu da asuba, ko ta daɗe a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, za ta iya faɗowa ƙasa da iyaka ba tare da wata cuta ba. Ɗumama ƙafa kafin awo ba ladabi ba ne kawai, sharaɗi ne. Man shafawa yana hana faifai kamawa, sai an goge fata. Wutar lantarkin gini, mai juyi 50 a daƙiƙa, tana iya shiga cikin abin da na'ura ke naɗa idan wayar ƙasa ba ta da kyau, abin da ke buƙatar kula a wurin da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta.

Akwai awo na uku da masu binciken wasanni suka fi so. Mutum zai tura tafin ƙafa a kan na'urar auna ƙarfi iyakar iyawarsa, a daidai wannan lokaci a bugi jijiya. Idan ƙarfin ya ƙaru, to ƙwaƙwalwa ba ta kira tsokar duka ba. Baturen Ingila Merton ne ya kafa wannan dabara a 1954, a kan tsokar babban yatsan hannu. Tana raba rauni gida biyu: na tsoka, da na umarnin da ke zuwa mata. Ga ɗan ƙwallon da agararsa ta tsinke, irin waɗanda ke taka leda a filin wasa na Lekan Salami da ke Adamasingba, dab da Sabo, bambancin yana da muhimmanci wajen sanin lokacin komawa fili. Sai dai duk awon da ya rataya a kan "iyakar iyawa" ya rataya a kan fahimta da niyya. Mutane sukan fi ƙoƙari a zama na biyu don kawai sun saba da na'urar, shi ya sa ake ware zaman farko a matsayin na koyo. Ƙarfi yakan ɗan fi yawa da yamma a kan safiya. Muryar mai ƙarfafa gwiwa tana ƙara lamba. Dattijon da Hausa kaɗai yake ji sosai, aka yi masa bayani da Turanci ko Yarabanci ta bakin jikansa, ba lallai ne ya gane cewa ana so ya tura har ƙarshen ƙarfinsa ba. Da yawa sukan sassauta don kunya ko gudun ɓata kayan asibiti. Masu aikin gashi na Ibadan sun san nauyin harshe a awo, domin ma'aunin ciwon gwiwa da ƙugu da suka ƙirƙira sun fassara shi zuwa Hausa, suka gwada ingancin fassarar, aka buga sakamakon a 2008.

Yadda ake auna awon kansa

Masana sun bambanta abu biyu. Mudun da aka buge gindinsa zai ba da awo iri ɗaya kullum, amma awon ƙarya ne: yana da tabbas, ba shi da inganci. Mudun kirki a hannun mai awon da yau zai cika har da tozo, gobe ya share baki, yana da inganci amma ba tabbas. Ba a samun inganci sai da tabbas, ko da yake tabbas shi kaɗai bai isa ba.

Don a gano tabbas, ana tara mutane a auna su sau biyu, kwanaki kaɗan tsakani, a lokacin da ba a sa ran jikinsu ya sauya. Daga nan ake fitar da wata lamba da ake kira ICC, tsakanin 0 da 1. Bisa rabon da Koo da Li suka bayar a 2016, wanda ake yawan bi, ƙasa da 0.5 rauni ne, zuwa 0.75 matsakaici, zuwa 0.9 mai kyau, sama da haka kuma mai kyau ƙwarai. Wannan lamba tana da yaudara. Abin da take faɗa shi ne ko awon yana iya jera mutane a sahu ɗaya sau biyu. Idan aka cakuɗa 'yan wasa da guragu a rukuni guda, tazarar da ke tsakaninsu za ta sa lambar ta haura 0.9 ko da na'urar tana kuskure mai yawa. Lambar da aka samo daga ɗaliban jami'a masu lafiya, kamar yadda akasarin irin wannan bincike yake, ba ta zama hujja kai tsaye a kan mai shanyewar ɓarin jiki ba.

Abin da ya fi amfani ga majiyyaci ɗaya shi ne girman kuskuren awo, da kuma mafi ƙanƙantar sauyin da za a iya gaskatawa, wanda ya kai kusan ninki 2.77 na kuskuren. A ɗauki misali don fahimta kawai: a ce kuskuren gwajin ɗage sau 2 ne. To sauyin da za a gaskata zai kama tsakanin 5 da 6. Wanda ya tashi daga 14 zuwa 17 bayan wata biyu yana gashi, ba za a iya rantsewa ya samu ci gaba ba. Wanda ya kai 20, an tabbatar. Haka lissafin yake idan lambar ta sauka. Bland da Altman, a wata maƙala ta 1986 a mujallar Lancet, sun nuna hanyar zana bambancin awo biyu don a ga ko na biyun kullum yana rinjayar na farko, alamar sabo ko gajiya ke nan.

Ma'aunin Ashworth da aka gyara a 1987, wanda ake auna sandarewar tsoka da shi bayan shanyewar ɓarin jiki, misali ne na awon da ya yi ƙaura daga inda aka gwada shi. A gwiwar hannu aka fara tabbatar da shi. A idon sawu likitoci sukan saɓa wa juna, domin da wuya hannu ya bambance tsokar da jijiya ke ɗaurewa da agarar da ta gajarce don daɗewa ba motsi. Maganin biyun kuwa ba ɗaya ba ne.

Abin da ke hannun majiyyaci

Wanda za a maimaita wa awo yana da rawar takawa. Ya nemi a sa masa lokaci ɗaya na yini, in da hali kuma mai awo ɗaya, domin mutum ɗaya ya fi yarda da kansa a kan yadda mutum biyu ke yarda da juna. Kada ya yi doguwar tafiya ko aikin ƙarfi a jajibirin ranar, kada ya shafa mai a ƙafa, ya kuma faɗi magungunan da yake sha, musamman na sassauta tsoka da na barci. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ya sanar tun kafin a fara. Bugun lantarkin yana da ɗan zafi kamar tsunkuli, ba ya barin rauni.

Ga mutanen Sabo da ke kai-komo tsakanin Ibadan da gida, Kano ko Katsina ko Sakkwato, akwai ƙarin abu guda. Kowane ɗakin awo yana da na'urarsa da iyakokin da ya ɗauka a matsayin lafiya, don haka lambar Ibadan ba lallai ta zauna daidai a kan ta Kano ba. Takardar sakamakon da ke nuna yadda aka zaunar da majiyyaci, da kusurwar gwiwa, da zafin fata, da ƙafar da aka auna, ita ce ke ba likita na biyu damar maimaita abin da na farko ya yi. Majiyyaci ya nemi kofinta ya adana tare da katin asibitinsa.